Yadda ake mallakar fili domin kare shi a ƙungiyar amanar filaye ta Amurka

A Amurka akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda ba don neman riba aka kafa su ba, aikinsu kuwa shi ne su sayi daji ko gona ko fadama, ko su karɓe su kyauta, domin kada wata rana a yanka su fuloti-fuloti a gine. A wannan rubutu zan riƙa kiran irinsu ƙungiyar amanar filaye. Wadda ake ɗauka a matsayin ta farko ita ce The Trustees of Reservations, wadda Charles Eliot ya assasa a jihar Massachusetts a 1891, kuma ƙidayar da uwar ƙungiyoyin, Land Trust Alliance, ta yi a 2020 ta nuna cewa filayen da suka kare sun kai eka miliyan 61. Na yi shekaru ina riƙe da sashen saye da kare filaye a ɗaya daga cikin ƙananansu, kuma na rubuta wannan ne domin wanda aka danƙa wa irin wannan aiki bai daɗe ba.

Wanda ya tashi a Najeriya ya saba da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, shi kuma mutum izinin zama yake riƙe da shi. A Amurka mutum yana mallakar fili kacokan, kuma yana da ikon ɓallo wani haƙƙi daga cikin haƙƙoƙinsa ya ba wani. Zai iya ci gaba da noma gonarsa, ya sayar da ita ko ya bar wa magada, amma ya sallama wa ƙungiya haƙƙin rarraba ta da gine ta har abada. Wannan ita ce yarjejeniyar kare fili. Abin da ya fi kusa da ita a wurinmu shi ne wakafi, sai dai a nan filin yana nan a hannun mai shi, sharaɗin ne kawai yake bin ƙasar ko ta faɗa hannun wa. Kalmar "har abada" ita ce ke juya dukkan aikin, domin duk takardar da za ka rubuta, wanda bai san ka ba ne zai karanta ta bayan shekara hamsin, wataƙila ma a gaban alƙali.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne rubutaccen ma'aunin zaɓe wanda kwamitin amintattu ya amince da shi, mai bayyana irin filin da ƙungiya take karɓa da yankin da take aiki. Sai kundin ƙa'idojin aiki na Land Trust Alliance, wanda aka sabunta a 2017. Ka ajiye shi a kan tebur, domin za ka riƙa buɗe shi kusan kowane mako. Sai taswirori: ta iyakokin filaye daga ofishin haraji na gunduma, da ta nau'in ƙasa wadda ma'aikatar noma ta tarayya take bayarwa kyauta a intanet, da hotunan sama na da da na yanzu. Idan ƙungiya ba ta da kuɗin sayen manhajar taswira ta ArcGIS, manhajar QGIS kyauta ce kuma tana biyan buƙata.

Na fita daji kuwa, kana buƙatar na'urar GPS ko waya mai liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi, da littafin rubutu, da takalmin ruwa, da riga mai launin ruwan lemo mai haske domin lokacin farautar barewa, kada maharbi ya hango motsi ya ɗauka dabba ce. A jihohin arewa maso gabas ka cusa ƙafar wando a cikin safa saboda kaska, wadda take ɗauke da cutar Lyme.

Sauran kayan aikin mutane ne: lauyan da ya san harkar filaye, da safiyo mai lasisi, da ƙwararren mai kimanta darajar kadara, da masanin gurɓatar muhalli, da kamfanin binciken tarihin mallaka. Ƙaramar ƙungiyar da ba ta iya riƙe lauya takan samu wanda zai yi mata aiki kyauta, amma ka tabbata ya taɓa rubuta irin wannan yarjejeniya, domin ƙwarewa a cinikin gidaje ba ta wadatarwa a nan.

Mataki na 1: Tace buƙata tun kana ofis

Da zarar mai fili ya kira, ka buɗe fayil, ka rubuta ranar, ka ɗora filin a kan taswira, sannan ka auna shi da ma'aunin zaɓe. Dokar harajin tarayya, a sashe na 170(h), ta amince da dalilai huɗu da mai ba da yarjejeniya kyauta zai iya samun rangwamen haraji a kansu: wurin shaƙatawa ko ilmantar da jama'a, mazaunin dabbobi da tsirrai, sararin da ya haɗa da gona da daji wanda barinsa yake da amfani bayyananne ga jama'a, da kuma wuri mai tarihi. Filin da bai shiga ko ɗaya ba, ka ba mai shi haƙuri tun yanzu. Sabon ma'aikaci yakan ji nauyin mayar da kyauta, alhali kowane filin da aka karɓa ɗawainiya ce da ba ta da ranar ƙarewa.

Mataki na 2: Zama da mai fili da iyalinsa

Yawancin ayyukan da na kammala a teburin cin abinci na gidan mai fili aka ƙulla su. Ziyarar farko ta sauraro ce. Ka bar shi ya ba ka tarihin wurin, wane ne ya sare dajin ya mai da shi gona, ina ruwa yake kwanciya idan ƙanƙara ta narke, kuma me yake fargabar ya faru da ƙasar bayan ransa. Kafin ka tashi ka tabbata ka ji amsar abu uku: sunan wa da wa ke cikin takardar mallaka, ko akwai bashin banki a kan filin, da kuma abin da 'ya'yansa suka ce.

Na ukun nan shi ne mutane suka fi tsallakewa. Wani dattijo mai kiwon shanun madara ya tabbatar mini har sau biyu cewa ba ya son a ƙara gina komai a gonarsa. A zama na uku 'yarsa ta zo daga birni, ta zauna tana sauraro har muka gama, sannan ta juya wajensa ta ce, "Baba, to ina ɗan tudun nan da ka ce ni da maigidana za mu yi gida idan mun dawo?" Dattijon ya sunkuyar da kai yana jujjuya kofin gahawa a hannunsa. Bai manta da alkawarin ba, nauyin faɗa mini yake ji, yana ganin kamar zai rushe maganar gaba ɗaya. Muka ware eka biyu a gefen titi, safiyo ya auna su, aka rubuta cewa a nan kaɗai za a iya gina gida guda. Da an sa hannu kafin zuwanta, da wannan yarinya ta gaji gona tare da jin an zalunce ta, kuma da ita ƙungiya za ta yi ta fama shekara da shekaru. Tun daga lokacin ba na wuce zama na biyu sai na nemi a kira duk wanda zai gaji filin.

Kada ka ba mai fili shawarar haraji ko ta shari'a, kuma kada ka ambata masa adadin rangwamen da zai samu ko da a hira ne, domin abin da ka faɗa a matsayin hasashe shi a matsayin alkawari zai riƙe shi. Ka rubuta masa wasiƙa cewa ya nemi nasa lauyan da nasa akanta.

Mataki na 3: Taka filin da ƙafarka

Hoton sama ba ya nuna abin da ke ƙarƙashin bishiya. Ka bi iyaka tun daga kusurwa har kusurwa, kana neman turakun ƙarfe na safiyo da tsohon shinge da katangar dutse, kana lura da inda maƙwabci ya shigo da garejinsa ko ya buɗe hanya ba da izini ba. Ka leƙa bayan rumbuna da cikin kwaruruka, domin kafin zuwan motocin kwashe shara a nan manoma suke zubar da tarkace. Na taɓa tarar da ganguna masu tsatsa guda bakwai a wani kwari, ciyawar da ke kewaye da su ta mutu, ƙasar ta yi baƙi tana warin mai, kuma mai filin da gaskiyarsa bai san da su ba, tun zamanin mahaifinsa suke.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin dokar tarayya ta 1980 kan gurɓatattun wurare tana iya ɗora wa mai fili na yanzu kuɗin tsaftacewa ko da ba shi ya zubar da gubar ba. Idan saye za ku yi ɗungurungum, ka ɗauko masani ya yi binciken muhalli na zango na farko, wanda ya ƙunshi duba tsofaffin takardu da hotuna da zagaya wurin da tambayar waɗanda suka san shi. Ka lura da lokaci, domin muhimman sassan binciken suna tsufa bayan kwana 180, kuma idan ciniki ya ja sai an sabunta su. Ga dajin da ba a taɓa gina komai a kansa ba, wanda yarjejeniya kawai za ku riƙe, ƙungiyoyi da yawa sukan wadatu da binciken ma'aikacinsu bisa rubutaccen jerin tambayoyi, amma da ya ga abin da ya ɗaure masa kai sai a kira masani.

Mataki na 4: Zaɓen hanya

Ko dai ƙungiya ta mallaki filin gaba ɗaya, ko ta riƙe yarjejeniyar karewa kawai, kuma kowanne ana iya saye ko a karɓa kyauta. Akwai ta tsakiya, inda mai fili zai sayar ƙasa da farashin kasuwa, ragowar ta zama kyauta. Filin da ake so jama'a su riƙa shiga, ko mai tsirran da suke buƙatar kulawa ta kusa, mallakarsa ta fi. Gonar da ake so a ci gaba da nomawa, yarjejeniya ta fi dacewa da ita, domin ƙungiya ba ta iya noma kamar manomi. Idan mai fili yana gaggawa kuma kuɗi bai haɗu ba, ka nemi ya sa hannu a takardar da ta ba ku zaɓin saye a kan tsayayyen farashi cikin wa'adi, kamar shekara guda, a biya shi wani ɗan abu na riƙo.

Mataki na 5: Binciken tarihin mallaka

Ka ba da aikin nan da wuri, kada ka jira sai an kusa sa hannu. Rahoton zai zo da jerin duk wani haƙƙin da wani yake da shi a kan filin, kuma wajibi ne ka nemi kwafin kowace takardar da aka ambata ka karanta ta da kanka, ka zana ta a kan taswira: hanyar wucewar maƙwabci, layin wutar lantarki, bututun gas, bashin harajin da ba a biya ba.

Abu uku ne suka fi kashe aiki. Na farko jinginar banki. Idan akwai bashi a kan filin, dole bankin ya sa hannu cewa haƙƙinsa yana bayan yarjejeniyar, ta yadda ko ya ƙwace gonar ya yi gwanjonta sharuɗɗan suna nan. Wannan sa hannu kafin a rattaba yarjejeniya ake samunsa ko a rana ɗaya da ita. Kotuna sun hana mutane rangwamen haraji saboda takardar bankin ta zo daga baya. Manyan bankuna sukan ɗauki watanni kafin su amsa, saboda haka ka aika buƙatar a makon da ka ji labarin bashin. Idan bankin ya ƙi, mafita ita ce mai fili ya biya bashin daga kuɗin cinikin a ranar rufewa, wato ranar da ake sa hannu a kammala ciniki, ko ya mayar da shi wani bankin da zai yarda.

Na biyu ma'adinai. A jihohi da yawa an raba mallakar saman ƙasa da ta abin da ke ƙarƙashinta tun kakanni, mai gona bai ma sani ba. Idan haƙƙin ma'adinai yana hannun wani, sai masanin duwatsu ya rubuta cewa yiwuwar a buɗe ƙasar a haƙa ta yi nisan da ba a lissafa ta, in ba haka ba kyautar ba ta cika sharaɗin doka ba.

Na uku gadon da ba a raba ba, abin da mu ma muka sani sarai. Ya yi yawa musamman a tsakanin iyalan baƙaƙen fata na kudancin Amurka, inda kaka ya rasu bai bar wasiyya ba, fili ya zama na jikoki masu yawa da suka warwatsu a birane. Wanda yake zaune a gonar yana biyan haraji ba shi da ikon sa hannu shi kaɗai. A irin wannan hali ka fara haɗa iyalin da lauyoyin da suke taimakawa wajen tsabtace mallaka, domin amfaninsu ya zo kafin na ƙungiya, maganar karewa kuma ta biyo baya.

Mataki na 6: Kimanta daraja

Darajar yarjejeniya ita ce bambancin kuɗin filin kafin a ɗora masa sharuɗɗa da bayan an ɗora. Idan saye kuke yi, ƙungiya ce za ta ɗauko mai kimantawa, kuma ba ta biya sama da abin da ya faɗa sai da hujja mai ƙarfi a rubuce, domin dukiyar ƙungiyar agaji ba ta halatta a azurta wani da ita. Idan kyauta ce, mai bayarwa ne zai ɗauko nasa, kuma ba a yin kimantawar fiye da kwana 60 kafin ranar kyautar. Doka ta ba shi damar cire darajar yarjejeniyar da ya bayar kyauta daga kuɗin da ake sa wa haraji, har zuwa kashi 50 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, manomi ko makiyayin da ya cika sharaɗi kuwa har kashi 100, ragowar kuma ya ci gaba da cirewa tsawon shekara 15.

Zai kawo maka fom mai lamba 8283 na hukumar haraji ka sa hannu. A doka sa hannunka shaida ce kawai ta cewa kun karɓa, amma kada ka sa sai ka karanta rahoton kimantawar. An yi shekaru wasu 'yan kasuwa suna haɗa masu kuɗi su sayi fili da araha, a kumbura darajarsa ninki-ba-ninki, a ba da yarjejeniya kyauta a raba rangwamen haraji, har a ƙarshen 2022 majalisa ta yi dokar hana rangwamen da ya wuce ninki biyu da rabi na jarin da masu haɗin gwiwa suka zuba, sai a wasu keɓantattun halaye. Wannan harka ta zubar wa aikin mutunci ƙwarai, kuma a ganina duk ƙungiyar da ta ga adadin da hankali ba ya ɗauka ta kau da kai, ta yi tarayya a cikin laifin.

Mataki na 7: Haɗa kuɗi

Kasafin ya ƙunshi farashin fili, da kuɗin lauya da safiyo da bincike da inshorar mallaka, da lokacin ma'aikata. Ga gonaki, shirin ma'aikatar noma da dokar noma ta 2014 ta kafa yana biyan har rabin darajar yarjejeniya, sauran a nemo daga jiha da gidauniyoyi da jama'ar gari. Idan tallafi zai makara, akwai ƙungiyoyi irin The Conservation Fund da suke ba da rancen cike giɓi.

Layin da ba a yarda a goge shi ba shi ne na asusun kula. Ka lissafa abin da filin zai ci a shekara, wato zagaye da mai da rubuta rahoto da gyaran alamun iyaka, sannan ka nemi jarin da ribarsa za ta biya wannan. Idan filin zai ci dala 800 a shekara, asusun kuma ana cire masa kashi 4 cikin ɗari, dala 20,000 kake buƙata. A kan wannan sai a ƙara na kare yarjejeniya a kotu. Tun 2013 ƙungiyoyin suna da inshorar haɗin gwiwa mai suna Terrafirma, amma ba ta ɗauke wa kowa ajiye nasa ba. Galibi mai fili ake roƙo ya bayar, wanda ba shi da hali kuma a karkasa masa biya ko a nemo daga masu taimako. Neman kuɗin sayen daji mai kyau yana da sauƙi a kan neman na zagaya shi bayan shekara ashirin, saboda haka a haɗa su a roƙo ɗaya tun farko.

Mataki na 8: Yarjejeniya da kundin shaida

Ka fara da samfurin yarjejeniya na ƙungiya, lauya ya daidaita shi da filin. Kada ka rubuta sharaɗin da ba za ka iya gani da ido ba a ziyarar yini ɗaya. "Kada a yi amfani da taki fiye da kima" ba shi da ma'auni. "Ba a noma a cikin ƙafa 50 daga bakin rafi" kowa zai iya aunawa da igiya. Wurin da aka yarda a yi gini, safiyo ya kafa masa turaku.

Tare da ita ake haɗa kundin da ke nuna yadda aka tarar da filin: taswirori, da bayanin daji da ruwa da gine-gine da girman kowanne, da hotuna. Kowane hoto ya zo da wurin da aka tsaya da alƙiblar da aka fuskanta, kuma ka fi ɗaukar wuraren da rigima za ta iya tasowa, irin iyaka da bakin rafi da gefen gine-gine, a kan wuraren ban sha'awa. Na gaji wani tsohon fayil mai ɗauke da hotunan faɗuwar rana da furanni, babu ko ɗaya na rumbun da daga baya aka ninka girmansa, kuma rashin wannan hoto ya sa muka sasanta a kan abin da bai kamata ba. Ɓangarorin biyu za su sa hannu a kundin kafin rufewa ko a ranar. Idan ƙanƙara ta rufe ƙasa, a sa hannu a kan na wucin gadi tare da rubutacciyar ranar da za a kammala.

Mataki na 9: Amincewa da rajista

Kwamitin amintattu ne yake yanke hukunci, bisa taƙaitaccen rahoton da ya faɗi haɗurran a fili, kuma mamban da yake da dangantaka da mai filin ya fita daga ɗakin, a rubuta fitarsa. Bayan sa hannu a kai takardar ofishin rajistar filaye na gunduma nan take, a aika wa mai kyauta wasiƙar shaidar karɓa, a ajiye asalin takardu a wurin da gobara ba ta kai musu, kwafinsu kuma a wani gini dabam.

Mataki na 10: Zagayen kowace shekara

Ƙa'ida ita ce a duba kowane fili aƙalla sau ɗaya a shekara. Mai filaye masu faɗi zai iya amfani da hotunan jirgi ko na tauraron ɗan adam, amma sai an taka ƙasa aƙalla sau ɗaya a cikin shekara biyar. Ka sanar da mai fili kafin ka je, ka gayyace shi ku zaga tare, ka tambaye shi abin da yake shirin yi baɗi, domin hana gini tun yana kan takarda ya fi rushe shi sauƙi.

Wanda ya ba da yarjejeniyar da wuya ya keta ta. Matsala takan fara ne da mai gida na biyu ko na uku, wanda ya sayi gonar da rangwame saboda sharuɗɗan, sannan ya fara ganinsu a matsayin takura. Da ka ji fili ya canza hannu, ka je ka gaishe da sabon mai shi a cikin watan farko, ka kai masa kwafin yarjejeniya da na kundin shaida, ku zauna ku karanta sassan da suka shafe shi.

Idan ka tarar da ɓarna, kamar an sare itatuwa a bakin rafi ko an zuba harsashin gini a wajen turaku, ka ɗauki hoto, ka auna, ka rubuta abin da idonka ya gani kawai, kuma kada ka yanke hukunci a wurin ko ka ce ba komai. Ka koma ofis ka karanta yarjejeniyar tare da lauya, sannan a kira mai filin, a bi kiran da wasiƙa. Mafi yawa sukan ƙare da rubutacciyar yarjejeniyar gyara mai wa'adi, a sake dasa itatuwa ko a janye ginin, kotu kuwa sai an rasa yadda za a yi. Idan ya nemi a gyara yarjejeniyar domin ta halatta abin da ya riga ya aikata, kada ka amsa masa da bakinka. Wannan magana ce ta kwamiti da lauya, kuma ba a amincewa da gyaran da zai rage kariya ko ya ƙara wa mai fili dukiya a kan asarar jama'a. Ko an ga ɓarna ko ba a gani ba, ka rubuta rahoton ziyarar a cikin makon, da kwanan wata da sa hannunka da hanyar da ka bi a kan taswira, ka aika wa mai fili kwafi ɗaya, ka sa ɗaya a fayil.